Yadda za ka tsara biyan bashin katin banki da na manhajojin waya

Katin bashi, wato katin da kake kashe kuɗin banki da shi ka biya daga baya, bai yaɗu a Kaduna kamar katin ATM ba. Galibi bankuna suna ba da shi ne ga wanda albashinsa ke shiga ta hannunsu, don sun san inda za su kama shi. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na cefane suka yi sama, da wuya ka sami ma'aikacin da bashi ɗaya kaɗai ke kansa. Ga na kati, ga na manhajar waya da aka ci cikin dare saboda yaro ba lafiya, ga littafin mai shagon unguwa, ga kuɗin ɗan'uwa da aka ce za a dawo da su bayan Sallah. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin ɓoye fuska ba ne. Wahalar ita ce albashi ɗaya ne, masu bi huɗu, kuma yawanci wanda ya fi damun mutum da kira shi ake fara sallama, ba wanda ya fi cinye masa kuɗi ba. Abin da za mu gyara ke nan.

Mataki na farko: tara su a takarda ɗaya

Sami takarda da biro. A gaban kowane bashi rubuta abu biyar: wanda ke bin ka, nawa ya rage yau, kuɗin ruwan da ake ɗorawa, ranar biya, da abin da zai faru idan ranar ta wuce. Kada ka rubuta daga ka. Buɗe manhajar banki, ko ka je reshenku ka nemi cikakken bayanin asusun katin na wata uku da suka wuce.

Tambayar da ba za ka bar gaban ma'aikacin banki ba sai ka ji amsarta ita ce: wannan ruwan na wata ne ko na shekara? Kashi 3 cikin 100 ƙaramin abu ne a kunne, amma idan na wata ne, kuma ruwa na hawa kan ruwa, ya haura kashi 42 a shekara. Manhajar da ta ba ka ₦50,000 ta ce ka dawo da ₦60,000 bayan kwana 30 kuwa, kashi 20 ta karɓa a wata guda.

Idan kana zargin akwai wani tsohon bashi da ka manta, nemi rahotonka daga ɗaya daga cikin kamfanonin da ke adana tarihin masu cin bashi: CRC, FirstCentral ko CreditRegistry. Dokar da aka yi a 2017 ta ba ka damar karɓar rahoto ɗaya kyauta kowace shekara. A nan wasu ke tarar da ragowar kuɗi kaɗan da suka ɗauka sun gama biya tuntuni, alhali yana nan da sunansu.

Mataki na biyu: fahimci yadda katin ke ci

Duk wata banki zai aiko maka da lamba biyu: jimillar abin da ake bin ka, da mafi ƙarancin abin da za ka biya. Ido ya fi saurin faɗawa kan ta biyun. Biyan ta yana hana a ci ka tarar makara, amma ba ya fitar da kai.

Mu yi lissafi da misali. A ce ana bin ka ₦300,000 a kati, ruwa kashi 3 a wata. Ruwan watan farko ₦9,000 ne. Idan ka biya ₦15,000, to ₦6,000 ne kawai suka taɓa uwar kuɗin. Ka ci gaba da biyan ₦15,000 ba fashi, ba ka kuma sake sayen ko da katin waya da shi ba, sai ka yi wata 31 kafin ka gama, kuma ruwan da ka biya ya kai wajen ₦165,000. Ninka biyan zuwa ₦30,000, sai ka gama cikin kusan shekara guda, ruwan ya tsaya wajen ₦62,000. Bambancin ya haura ₦100,000, kuma ba wata dabara aka yi ba illa ƙara abin da ake zubawa. Wani abin lura: mafi ƙarancin biyan nan yawanci wani kaso ne na abin da ya rage, don haka yana raguwa yayin da bashin ke raguwa. Wanda ya bi shi yana rage biyansa, tafiyarsa za ta fi wata 31 ɗin tsawo nesa ba kusa ba. Ka tsayar da adadi ɗaya, ka riƙe shi ko da banki ya ce ƙasa da haka ya isa.

Cire tsabar kuɗi da katin bashi a ATM ko wurin mai POS shi ne mafi tsada. Galibi akwai caji na musamman, ruwa kuma yana fara hawa tun ranar, ba kamar sayayya ba da ake ba da wasu kwanaki babu ruwa idan an biya duka.

Saboda haka daga yau katin ya bar aljihu. Sa shi a akwati. Cire lambarsa daga duk manhajar da ke zarar kuɗin data ko na kallo da kanta.

Mataki na uku: nawa za ka iya bayarwa da gaske?

Fara ware abinci, kuɗin mota, magani da wuta. Sannan ka tuna da manyan da ba sa zuwa kowane wata: kuɗin haya da ake biya shekara-shekara, kuɗin makaranta kowane zango, hidimar Sallah ko Kirsimeti. Raba su gida goma sha biyu ka riƙa ajiyewa. Wanda ya kwashe komai ya zuba wa banki, ranar da mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa manhaja zai sake komawa. Abin da ya rage bayan wannan shi ne kuɗin biyan bashinka, komai ƙanƙantarsa.

Mataki na huɗu: wa za a fara sallama?

Hanya biyu aka fi sani. Ta farko, ka ba kowa mafi ƙarancin nasa, duk rarar ka jibga ta kan bashin da ya fi tsadar ruwa. Wannan ta fi rage asara. Ta biyu, ka fara da mafi ƙanƙanta, ka share shi daga takarda, ka ɗauki kuɗinsa ka ƙara wa na gaba. Wannan ta fi ƙarfafa gwiwa, kuma ban raina ta ba, domin mutumin da ya ga layi ɗaya ya ɓace daga takardarsa ya fi jure wa sauran. A nan ƙasar sau da yawa hanyoyin biyu suna haɗuwa wuri ɗaya: bashin manhaja shi ne ƙarami, shi ne kuma mafi tsada. Da shi za a fara, babu dogon tunani.

Sai dai ruwa ba shi kaɗai ne abin dubawa ba. Akwai tambayar wa ke da ikon shiga asusunka. Tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin da ake kira GSI: idan ka sa hannu a kansa lokacin karɓar rance, ka kuma kasa biya, mai bin ka na iya cire kuɗin daga kowane asusu da ke ɗauke da lambar BVN ɗinka, a kowane banki. Sauya bankin da albashi ke shiga ba mafita ba ce. Manhajoji da yawa kuma suna riƙe da bayanan katin ATM ɗinka, da alat ya shigo sai su zara. Gara kai ka tsara yadda za a biya, da a wayi gari an kwashe kuɗin cefanen wata.

Sannan akwai mutunci, wanda ba ya cikin lissafin banki. Mai shago ba ya ɗora maka ruwa, amma shi ne zai ba ka mudun shinkafa ranar 25 ga wata. Ba a barinsa haka nan. A riƙa ba shi wani abu duk wata, kaɗan ne ko da yawa, sabon kaya kuma a saya da kuɗi hannu.

Ga yadda abin zai kasance a aikace. A ce bayan hidimar gida kana da ₦55,000 a wata. Ana bin ka ₦300,000 a kati, ₦60,000 a manhaja, ₦40,000 a shago, yayanka kuma ₦100,000. Wata biyun farko: kati ₦15,000, shago ₦5,000, sauran ₦35,000 manhaja, har ta mutu. Daga wata na uku, ₦50,000 kacokan su tafi kati. Wajen wata na takwas ka gama da mai shago, na tara ka gama da kati, cikin wata biyu kuma ka sallami Yaya. Shekara ba ta zagayo ba. Sharaɗin dai shi ne kuɗin bashin da ya mutu ba sa komawa cefane, na gaba suke bi.

Mataki na biyar: je ka same su kafin su neme ka

Yaya da aka sa a ƙarshen layi dole ya sani. Kada ya ji shiru. Ka je gida, ba ta waya ba, ka ce: "Yaya, ban manta da kuɗinka ba. Akwai masu ruwa da nake son in fara kashewa. In Allah Ya yarda wata kaza zan fara kawo naka, kashi biyu." Mafi yawan ɓacin ran da bashi ke jawowa tsakanin 'yan'uwa daga shiru da kauce wa haɗuwa yake fitowa. Ku rubuta abin da kuka yi alkawari. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Banki ma ana zama da shi. Je reshen da ka buɗe asusu, nemi jami'in da ke kula da asusunka, ka nemi a rufe katin a mayar da abin da ya rage rance mai tsayayyen biya na wata-wata, a kuma duba yiwuwar yafe tarar makara. Ba dole su yarda ba, amma wanda ya zo da kansa da takardar albashi da tsarin biya ya fi samun sauƙi a kan wanda aka yi wata uku ana nema. Duk abin da aka amince, a ba ka a rubuce. Idan ka ga cajin da ba ka gane ba, shigar da ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin. In ba su warware ba, ka kai wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

Manhajar da ta koma tura wa surukanka da abokan aikinka saƙon cin mutunci ta wuce gona da iri. Ɗauki hoton saƙonnin ka kai ƙara hukumar FCCPC, wadda ke yi wa masu ba da rance ta intanet rajista, tana kuma wallafa sunayen waɗanda ta amince da su. Tun 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji da ke rumbunsa shiga lambobin waya da hotunan mutane. Ƙarar ba ta goge bashin ba, za ka biya abin da ka ci, amma ba da tozarci ba.

Mataki na shida: musanya mai tsada da mai sauƙi

Cin bashin wata manhaja don a biya wata shi ne abin da ya fi jefa mutane cikin rami. Kada ka fara. Musanya tana da amfani ne kawai idan sabon ya fi tsohon sauƙi sosai. Asusun taimakon juna na ma'aikata, inda ake cirewa daga albashi, yawanci ya fi kati rahusa nesa. Idan kana adashi, roƙi uwar adashi ta matso da kwasarka, ranar da ka kwasa ka wuce banki kai tsaye kafin ka isa gida. Waya ta biyu, janareton da ba a tayarwa, ko babur da ke jingine a zaure, sayar da su ya fi a bar su suna tsufa ruwa na hawa.

Masu tambaya ko bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, za su biya musu tsohon bashi su sani cewa yawancin tsarinsu na saya maka kaya ne su sayar maka da riba sananniya, ba miƙa tsabar kuɗi ba. Sun fi amfani nan gaba, idan buƙatar firji ko keken ɗinki ta taso.

Bayan biyan ƙarshe

Kada ka tsaya a kan alat ɗin da ya nuna kuɗi sun fita. Nemi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, daga banki da kuma manhaja, ka adana ta. Tambayi banki ko akwai ɗan ruwan da ya hau tsakanin ranar da aka fitar da lissafi da ranar da ka biya, domin irin wannan ragowar ce ke girma a ɓoye. Soke izinin cire kuɗi kai tsaye da ka bayar, in ya cancanta ka sauya katin ATM ɗin da manhaja ta san lambarsa. Bayan wata biyu ko uku ka sake duba rahotonka a CRC ko ɗaya daga cikin sauran. Idan har yanzu yana nuna ana bin ka, kai musu kwafin takardar shaidar su gyara.