Babi na 6: Koya wa Yara Rarraba Shara da Riƙon Amana

Darasi na 1: Kwali uku

Iyaye da 'yan'uwa, ku nemo kwali uku, ko bokiti uku da aka daina amfani da su. Ku jera su a inuwa, inda ruwan sama ba ya taɓawa. Na farko na roba ne, na biyu na gwangwani, na uku na takarda.

Ba sai kun iya rubutu ba. Ku ɗaura roba guda a jikin kwali na farko, gwangwani guda a na biyu, takarda a na uku. Ku bar yaro ya ɗaura da hannunsa, ko da bai yi kyau ba. Sai ku ce masa: "Wannan kwalin naka ne, amana na ba ka." Daga ranar, shi ake tambaya labarin kwalin. Idan ya kula da shi, a yaba masa a gaban 'yan'uwansa.

Fasasshiyar kwalba, batir da robar maganin ƙwari ba na yara ba ne. Babba ke ɗauke su. Robar maganin ƙwari kuwa ba a sake zuba komai a cikinta, ko an wanke ta.

Darasi na 2: Wanke, shanya, saka

A nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe, don haka mu tafi a sannu.

Da farko a wanke. A zuba ruwa kaɗan a robar, a rufe, a girgiza, a zubar. Ruwan da aka gama ɗaurayar kwanuka da shi ya wadatar.

Sai a shanya. A cire murfin, a kife robar, bakinta yana kallon ƙasa. A bar ta ta bushe ƙayau.

Sai ta bushe ake saka ta a kwali.

Ku sake faɗa da baki: wanke, shanya, saka. Na tsakiyar shi ake tsallakewa. Mutum ya wanke da kyau, sai ya jefa robar da ruwanta. Ruwan nan zai jiƙa kwalin, ya kawo wari, kuma sauro yana yin ƙwai a ruwan da ya kwanta, ko ɗan kaɗan ne. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙwan ya zama sauro mai cizo. Ragowar zaƙi ko maiƙo kuma yana kiran ƙuda da tururuwa, masu karɓar shara su sarrafa ta zuwa sabon kaya ma ba sa son kaya mai datti.

Ku mai da shi wasa. Yaro ya tafa sau ɗaya ya ce "wanke", ya sake tafawa ya ce "shanya", ya tafa na uku ya ce "saka". Wanda ya tsallake "shanya" ya koma farko. Idan kun manta a makon farko, ba laifi, kowa da haka ya fara. Ku ciro robar, ku kife ta, ku jira.

Takarda ita ba a wanke ta. Na maimaita, ba a wanke takarda. Busasshiya mai tsabta ake sakawa, mai maiƙo ba ta shiga kwali.

Amma bari in faɗa muku gaskiya. Wasu iyayen suna sa yaro ya yi tafin nan uku, su kuma su sha ruwa su wurga robar ta bayansu, yaron yana kallo. Haba! Me kuke so ya ɗauka? Abin da babba ya hango yaro ko ya hau tsauni ba zai hango ba, amma abin da babba ya yi a gabansa, tsaf yake ganinsa. Ku ma ku wanke, ku kife ta ta bushe, sannan ku saka. Kada ku ce kuna sauri.

Darasi na 3: Wasan lamba da maganaɗisu

Ku juya robar ku duba gindinta. Sau da yawa akwai alama mai kusurwa uku, da lamba a ciki, daga 1 zuwa 7. Lamba 1 ita ce ta robar ruwan sha mai haske. Lamba 2 ta roba mai kauri ce, irin ta sabulun ruwa. Waɗannan biyun aka fi karɓa wurin sarrafawa. Yaro ya nemo lambar, ku karanta tare.

Gwangwani kuma a gwada shi da maganaɗisu. Idan ya kama, ƙarfe ne. Idan bai kama ba, yawanci alminiyon ne. Narka tsohon alminiyon yana rage kusan kashi 95 cikin 100 na makamashin da ake ci wajen yin sabo. Kafin gwaji, an shanya shi?

Darasi na 4: Shuka a roba

Babba ya yanke roba gida biyu, ya huda gindin. Yaro ya zuba ƙasa, ya sa iri, ya riƙa ba shi ruwa kullum. Kada ya tono don ya duba. Haƙuri yake koyo.

Darasi na 5: Ƙona shara

Kada a ƙona roba. Hayaƙinta yana cutar da huhu, musamman na yara.

Aikin gida: kowa ya zo aji da roba biyu, mai lamba 1 da mai lamba 2, wankakku kuma busassu.