Yadda Ake Binciken Kyanwar Daji Mai Baƙin Kunne da Kyamarar Tarko

Ɗalibin da zai tashi daga Sakkwato don nazarin karakal, wato jar kyanwar dajin nan mai tsinin baƙin gashi a kunnuwa, ya sani tun farko cewa da wuya ya gan ta da idonsa, domin galibi da dare take yawo, kuma tana gudun mutane. Kyamarar tarko, wadda ke ɗaukar hoto da kanta idan dabba ta gifta, ita ce za ta yi masa gadi.

Kafin komai a nemi izini a rubuce. Idan Gandun Dajin Tafkin Kainji za a shiga, Hukumar Kula da Gandun Dajin Ƙasa ce ke bayarwa, dazuzzukan jiha irin su Gundumi kuwa ma'aikatar da ke kula da daji ta jihar ake tuntuɓa. A yanayin tsaron yau, ban ga hujjar shiga kowane daji ba tare da yardar jami'an tsaro da rakiyar ma'aikatan gandun ba.

Daga nan a zauna da maharba da makiyaya, a saurare su da ladabi, domin su ne suka san mashaya da hanyoyin da namun daji ke bi. Su ne kuma za su koya wa ɗalibi karanta sawu: na kyanwa kewayayye ne, ba ya nuna farce, na dila da na kare kuwa farcen yana fitowa a ƙasa.

Rani ya fi dacewa da aikin, lokacin da ciyawa ta bushe kuma dabbobi ke taruwa a 'yan wuraren da ruwa ya rage. A ɗaure kyamarar a jikin itace daidai tsayin gwiwa, ta fuskanci arewa ko kudu, saboda hasken fitowar rana da na faɗuwarta yana ɓata hoto. A share ciyawar da ke gabanta, in ba haka ba iska za ta riƙa kaɗa ta, katin ajiya ya cika da hotunan banza. A bar tazarar kilomita 1 zuwa 2 tsakanin kyamarori, a rubuta wurin kowace da GPS, wato na'urar da ke nuna daidai inda wuri yake a taswira, a riƙa goge ƙurar hunturu daga gilashin, a kuma canja batir kafin zafin bazara ya cinye shi.

Da yake karakal ba ta da ɗige-ɗige irin na damisa, bambance ɗaya da wata a hoto yana da wuya, don haka rahoto ya tsaya kan wuraren da aka same ta da lokutan da take fitowa. Ainihin wurin kuwa a bar shi tsakanin mai bincike da hukumar gandun, kada ya kai ga masu farautar fata.