Darasi na Bakwai: Haɗa Tashar Rediyon Sha'awa a Gida

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kunna rediyo da asuba ya san kalmar mita. Mita 49, mita 41, mita 25: a nan iyayenmu ke murɗa akwati su kamo Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri tun 1957. To, a tsakanin waɗannan mitoci na gajeren zango akwai 'yan filaye da aka keɓe wa mutane irinmu, mu saurara kuma mu yi magana. Kana zaune a ɗakinka a Zariya ko Maraɗi, ka yi kira, wani ya amsa maka daga Italiya, ba kati ba intanet. Wannan shi ne rediyon sha'awa. Masu yin sa suna da ƙungiyar duniya, IARU, wadda aka kafa a birnin Faris a 1925.

Kafin ka danna maɓallin magana, sai da lasisi daga hukumar da ke kula da sadarwa a ƙasarka. Ita ce za ta ba ka lambar kira, wato sunanka a iska. Ta Najeriya takan fara da 5N, ta Nijar 5U, Gana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT. Ba a sa kiɗa a wannan rediyo, ba a tallar kaya.

Tebur da wuta

Nemi kusurwa kusa da taga, inda wayar eriya za ta shigo ba tare da dogon zagaye ba. Tebur ya zama mai ƙarfi. Na'urar da ke karɓa kuma take aikawa ita ce uwar tashar. Kamfanoni irin su Icom da Yaesu da Kenwood ke ƙera ta. Kada ka manna bayanta da bango, domin ta nan fanka ke fitar da zafi. A bar tazarar tafin hannu. Da hunturu, in ka gama aiki kuma ta huce, ka lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura.

Yawancin waɗannan na'urori ba sa shan wutar nepa kai tsaye. Suna son bolt 13.8, kusan abin da batirin mota ke bayarwa. Mai ƙarfin wat 100 tana jan amfiya 20 ko fiye kaɗan lokacin da kake magana, amma in sauraro kake yi ɗaya zuwa biyu kawai take ja. Saboda haka batirin sola mai kyau zai ɗauke ka tsawon dare, muddin ba ka cika surutu ba. Wayar batir ta zama gajera mai kauri. Ja a kan alamar tarawa, baƙa a kan alamar ɗebewa. Duba sau biyu kafin ka ɗaure, don juya su na iya ƙona na'urar nan take. Sa fis kusa da kan batirin. In batirin mai ruwa ne, ajiye shi inda iska ke shiga, domin yana fitar da iskar da ke kama wuta yayin caji.

Eriya

Nan ne nake so mu daɗe. Sabon shiga yakan zuba duk kuɗinsa a kan akwati mai tsada, sannan ya rataya wata guntuwar waya a jikin taga, ya zauna yana mamakin shirun da yake ji. Ni a ganina, gara tsohuwar na'ura da eriya mai kyau, da sabuwa fil da eriyar banza. Abin daɗin shi ne, eriya mafi sauƙi da hannunka za ka yi ta.

Sunanta daifol. Wayar jan ƙarfe ce guda biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya ta miƙe dama, ɗaya hagu, su haɗu a tsakiya ba tare da sun taɓa juna ba. Tsawonta ba da ka ake yankewa ba, lissafi ne: raba 143 da lambar megahas ɗin da kake son aiki a kai, wato lambar da ke nuna wurin tasha a fuskar rediyo, abin da ya fito shi ne tsawon eriyar gaba ɗaya a mita ta awo da tef.

Mu gwada tare. A Afirka filinmu na mita 40 yana daga megahas 7.0 zuwa 7.2, maƙwabcin mita 41 ɗin nan da ka sani. Ɗauki tsakiya, 7.1. In ka raba 143 da 7.1 za ka sami mita 20 da 'yan kai. Ke nan kowane hannu, wato kowace waya cikin biyun, mita 10 da santimita 7. Filin mita 20 kuwa yana daga 14.0 zuwa 14.35. In ka ɗauki 14.2, kowane hannu mita 5 ne da ɗan ɗori. Wanda tsakar gidansa ba ta da faɗi, wannan ta biyu ta fi masa. Da rana mita 20 takan kai nesa, mita 40 kuma sai dare ya yi take buɗewa zuwa ƙasashe masu nisa.

Wajen yanka, ƙara kamar taƙi ɗaya a kowane hannu. Ragewa ba wuya, ƙari ne ke da wahala.

Yanzu ɗauki guntun bututun roba na masu famfo, tsawon yatsa biyu, ka huda shi gefe da gefe. Ɗaure waya ɗaya a wannan huda, ɗaya a waccan. Sai ka kawo kebul mai om 50, irin RG-58 ko RG-213 mai kauri. Ya yi kama da na dish, amma na dish om 75 ne, don haka ka karanta rubutun jikinsa kafin ka biya. Fere bakin kebul ɗin a hankali: za ka ga zare a tsakiya, da saƙar waya kewaye da shi. Zaren tsakiya ya tafi hannu ɗaya, saƙar ta tafi ɗaya hannun, a like su da dalma. Sannan naɗe wurin da tef sosai, bakin kebul na kallon ƙasa. Ruwan sama in ya shiga cikinsa, saƙar takan yi baƙi, ƙarfinka ya riƙa lalacewa a hanya ba ka sani ba.

Ɗaga tsakiyar a kan doguwar gora, ka ja hannuwan biyu su gangaro kamar rufin bukka, ka ɗaure ƙarshensu da igiyar roba. Ƙarshen ya wuce inda hannun yaro zai kai, domin yana ƙuna lokacin da ake aikawa. Nisanta ta da rufin kwano iya yinka. Wayar nepa kuwa, ko kusa: ka auna da ido, in gorar ta faɗi ta kowane gefe, kada ta taɓa ta. Wannan maganar rai ce.

Ƙasa da tsawa

Kafa sandar jan ƙarfe mai tsawon kamar mita biyu da rabi a ƙasa, a waje kusa da tagar. Ja waya mai kauri, gajera, daga sandar zuwa ƙusar da ke bayan na'ura. Ka kira mai gyaran wuta ya haɗa ta da sandar ƙasa ta gidan. Da rani ka riƙa zuba ruwa a gindinta, busasshiyar ƙasa ba ta aiki sosai.

Duk da haka, sandar ba ta isa ta tare aradu ba. Da damina, hadari na haɗowa ka kwance kebul ɗin eriya daga na'ura, ka fitar da bakinsa waje. Da zarar an fara walƙiya kuma, kada ka taɓa shi.

Gwaji

Sa ma'aunin SWR tsakanin na'ura da eriya. Shi ke nuna yawan ƙarfin da ke dawowa baya maimakon ya fita. Rage wuta zuwa wat 5, saurara ka tabbata ba kowa a wurin, faɗi lambar kiranka, ka gwada. Ƙasa da 2 ya yi, 1.5 ya yi kyau. In ma'aunin ya fi sauka a lambar megahas da ke ƙasa da wadda kake so, eriyar ta yi tsawo: rage santimita 5 a kowane hannu, ka sake gwadawa.

Idan ka kunna ka ji ƙara kamar ana suya, kada ka yi saurin zargin na'urar. Bar ta a kan batir, ka kashe inbata, ka zare cajojin waya, ka kashe ƙwayayen fitila ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka cire ƙarar ta ɗauke, shi ne mai laifin.

Ajiye littafi a tebur. Rubuta kwanan wata, lokaci, mita, da lambar wanda kuka yi magana. Lokacin da ake rubutawa shi ne UTC, wato agogon Najeriya da Nijar a ɗebe awa ɗaya: ƙarfe 9 na dare a Kano, 8 ke nan a littafi.

Aikin gida: filin mita 15 ya ƙunshi megahas 21.2. Lissafa tsawon eriyarsa gaba ɗaya, da na kowane hannu. Sannan ka auna tsakar gidanka da tef, ka zo mana da amsa a darasi na gaba: wacce daga cikin eriyoyin uku za ta shiga?