Yadda za ka koyi zanen fuska da fentin mai ta hanyar kwaikwayon aikin Vermeer

Kada ka fara da Mona Lisa, inuwar fuskarta narkewa take kamar hayaƙi, ta fi ƙarfin sabon hannu. Ɗauki yarinyar nan mai ɗan kunne da Johannes Vermeer, mai zane ɗan ƙasar Holland, ya zana wajen 1665, wadda ke gidan tarihi na Mauritshuis a birnin Hague. Haske ta hagu yake shigowa, bayanta duhu ne. Tsayin zanen santimita 44.5, faɗi 39, sai kafinta ya haɗa maka firam daidai haka.

In gesso, wato farin shafin da ake fara yi wa kanbas kafin zane, ya yi tsada, gauraya farin fentin ruwa na gida kashi biyu da farin gam kashi ɗaya, ka shafa wa kanbas sau uku. Buga hoton a wannan awon, ja gidaje na santimita 5 a kansa da kan kanbas, ka kwafe gida-gida.

Nan ne kowa ke faɗuwa: gaggawar zuba kala. Ajiye su tukuna. Da burnt umber kaɗai, wato fenti ruwan ƙasa mai duhu, wanda ka tsinka da tafentin (ruwan tsinka fentin mai), za ka gama fuskar. Ƙanƙance ido ka dubi hoton har ya rage maka haske, inuwa, da abin da ke tsakani. Inda haske yake, goge da tsumma kanbas ya leƙo. Kuma kada ka ja wa hancin layi. Vermeer bai ja ba, karan hancin ya saje da kuncin da ke bayansa, kana jan layi ta zama wata yarinyar daban. Ɗauki hoton aikin a waya ka mayar da shi baƙi da fari. In bai yi kama ba, kala ba za ta gyara shi ba, goge ka sake. Ba shi kwana biyu ya bushe.

Fata kala huɗu ce: farin titanium, yellow ochre (rawaya mai kalar ƙasa), cadmium red (ja mai haske), da ɗigon baƙi. Fari in ya yi yawa, sai ta fito kamar an yi mata ɓarin hoda. Inuwa siririn shafi, haske mai kauri. Kowane sabon shafi ya fi na ƙasansa man linsid, wato man da ake gauraya fentin da shi, in ba haka ba fentin zai tsattsage. Kananzir na wanke burushi ne kawai.

Shuɗin ɗankwalin, fentin da ake kira ultramarine ne. Ɗan kunnen kuwa taɓi biyu: fari mai ƙarfi a sama ta hagu, mai laushi a ƙasa.

Lokacin hunturu, ƙurar Bauchi manne wa ɗanyen fenti take, jingina zanen yana fuskantar bango. Banish, wato shafin ƙarshe mai ƙyalli da ke kare zanen, sai bayan wata shida.