Yadda ake haɗa injinan ches biyu wasa a kwamfuta ɗaya ba tare da an tauye wa ɗaya haƙƙi ba

Idan ka haɗa injinan ches (manhajojin da ke buga ches da kansu) irin su Stockfish da Komodo a kwamfuta ɗaya, firosesa ɗaya suke rabawa. Wanda ya samu kaso mai tsoka zai fi hango abin da ke gaba, sai ya ci wasa ba don ya fi gwaninta ba. Ga yadda za ka daidaita musu a Cute Chess ko Arena, manhajojin da ake haɗa injina wasa a cikinsu.

Da farko, ƙirga kor na gaske, wato sassan firosesa masu aiki kowanne da kansa. Mai kor 4 takan nuna 8 saboda Hyper-Threading, fasahar da ke sa kor ɗaya ya bayyana kamar biyu, amma kowane biyu kayan aiki ɗaya suke rabawa, ƙarfin bai ninku ba. Yi lissafinka da 4.

Na biyu, kashe Ponder. Nan ne akasarin matsalar take. Idan yana kunne, inji kan yi hasashen abin da abokin karawarsa zai taka, ya ci gaba da lissafi alhali ba lokacinsa ba ne. Da kowanne na kan tasa kwamfutar, babu laifi. A kwamfuta ɗaya kuwa ya zama mai cin tuwo a kwanon wani. Ka ba kowanne Threads 4 (wato ayyukan lissafi 4 a lokaci guda) a kan kor 4, sai ayyuka 8 su shiga wawaso, Windows ce kuma za ta yi rabon yadda ta ga dama. In dole sai da Ponder, ba kowanne 2.

Na uku, daidaita musu Threads da Hash (ma'ajiyar da inji ke adana matsayin da ya riga ya duba). In za ka sa wasanni da yawa su gudana tare, yawansu sau Threads kada ya wuce adadin kor. Ni ina ganin gara ma a bar kor ɗaya yana hutawa.

Sai ka rufe burauza, ka jona laftof da wuta. Zafi ma na rage mata gudu, musamman in wasa ya yi tsawo.

Daga nan ka sa ido a kan nps, adadin matsayin da inji ke dubawa a daƙiƙa. Gwada shi shi kaɗai, sannan a cikin wasa. In ya faɗi sosai, akwai mai cin rabonsa. Kada ka kwatanta nps na Stockfish da na injin Leela Chess Zero, ita a katin hoto (GPU) take yawancin lissafinta.

Kowace buɗewa, wato jerin takun farkon wasa, a buga ta sau biyu, a yi musayar fari da baƙi.