A duba indararo kafin damina ta kankama

Jama'a, yana da kyau kowane mai gida ya sa tsani ya duba indararonsa tun kafin ruwan farko, domin ƙurar hunturu da busasshen ganyen darbejiya da ledoji sukan taru a ciki su toshe hanyar ruwa. Idan ruwa ya rasa mafita, sai ya kwanta ya sa kwano tsatsa, ko ya riƙa bin jikin bango har ya cinye gindin katanga, musamman a ginin ƙasa. Bayan an kwashe dattin, a kwarara bokitin ruwa a ga ko yana gangarawa ba yoyo. Bakin indararon kuma a karkata shi zuwa kwata ko duro, kada ya fuskanci katangar maƙwabci.