Darasi na 7: Shirya ruwan sabon tanki kafin a zuba kifi

Idan kun sayi tankin gilashi don ajiye kifin ado, kada ku zuba kifi ranar da kuka cika shi da ruwa. Ruwan zai yi garau, amma bai isa zaman kifi ba tukuna.

Kifi yana fitar da wata guba mai suna amoniya ta numfashinsa da kashinsa. Ragowar abincin da ya ruɓe ma yana ƙara ta. A kogi, ruwa ne ke tafiya da ita. A tanki kuwa ba ta da wurin zuwa, sai ta taru ta kashe kifin.

Masu share gubar wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani, kuma kashi biyu ne. Na farko suna mai da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne, don yana hana jinin kifi ɗaukar iskar numfashi. Na biyu suna mai da naitirait naitiret, mai sauƙin illa, wanda ake ragewa da sauya ruwa. Sunayen nan biyu sun yi kama ƙwarai, sai ku lura. Ƙwayoyin suna manne ne a soson matatar ruwa da jikin tsakuwa. Sabon tanki ba shi da su, sai an raine su.

Ku fara da sa maganin cire kulorin, domin kulorin na ruwan famfo yana kashe su. Ku kunna matata dare da rana. Zafin ruwa daga 25 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyos yana sa su yaɗu da sauri. Sannan kullum ku barbaɗa ɗan abincin kifi. Mutanen gida za su yi dariya su ce kuna ciyar da ruwa, alhali ƙwayoyin kuke ciyarwa, don ruɓewar abincin ce ke ba su amoniya.

Duk bayan kwana 2 ko 3 ku auna ruwan da kayan gwaji. Amoniya za ta hau, sannan ta sauka, naitirait ya hau, shi ma ya sauka. Yawanci ana yin mako 4 zuwa 6. Idan ruwan ya yi fari-fari a tsakani, ku bar shi, zai washe da kansa. Wanda ya samu ɗanyen soso daga tsohon tanki mai lafiyayyun kifi ya rage wa kansa jira.

Ranar da amoniya da naitirait duka suka nuna sifiri, naitiret kuma ya bayyana, ku sauya rabin ruwan, ku zuba kifi 2 ko 3 kawai. Sauran su jira mako ɗaya ko biyu. Soso idan ya yi datti, a ruwan da kuka ɗebo daga tankin za ku matse shi, ban da ruwan famfo.

Aiki: Ku rubuta sunayen sinadaran nan uku bi da bi, yadda suke bayyana a tanki.